Dokin barkono ko likitan bogi, wanne za ka fara kallo?

Duka biyun na 1937 ne, finafinan barkwanci na Amurka kan tseren doki, lokacin sauti bai wuce shekara 10 da shigowa fim ba. Playing the Ponies na 'yan barkwanci uku da ake kira Three Stooges gajere ne, bai kai minti 20 ba, an damfare su ne suka ba da gidan abincinsu aka ba su wani ramammen doki, sai ɗayansu mai suna Curly ya ba shi barkono a zaton gyaɗa ce, kai jama'a, dokin nan ya zura da gudu neman ruwa, ranar tsere kuma suka hau babur da bokitin ruwa a gabansa yana binsu har ya ci. Ko ba ka jin Turanci sai ka yi dariya wallahi.

A Day at the Races na Marx Brothers, wasu 'yan barkwanci 'yan'uwan juna, kuwa dogo ne, ya haura awa ɗaya da rabi, ɗayansu mai suna Groucho likitan dawaki ne yana ƙaryar shi na mutane ne, amma dariyar a baki take, ga waƙoƙi masu jan lokaci. In datarka kaɗan ce ni dai na barkonon zan ce ka sauke.