Safar matse ƙafa ga mai ƙaramin ciki: inda take aiki da inda ba ta yi

Wasu kantunan magani a Zariya, a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, suna sayar da wata safa ta roba da ake ba masu ciki idan suka yi kukan ƙafa. Kaya ne mai amfani, amma ba ga kowane ciwon ƙafa ba, kuma mata da yawa girman da bai dace da su ba suke saya.

Tun a watannin farko, sinadarin da jiki ke fitarwa don riƙe ciki yakan sassauta jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, ga shi jinin ma yana ƙaruwa. Sai jini ya riƙa taruwa a ƙasa, ƙafa ta yi nauyi, ta yi tsami da yamma, wata ma jijiyoyinta su fito ruɗu-ruɗu a bayan gwiwa. Wannan safa an saƙa ta ne yadda za ta fi matsewa a idon sawu, matsin ya riƙa raguwa har zuwa ƙasan gwiwa, sai ta taimaka wa jini ya koma sama. Ga malamar makaranta da ke yini a tsaye, ko tela da ke yini a kan keke, ko ɗaliba da ke zaman lacca sa'o'i, tana rage nauyin ƙafa sosai, kuma ba abin sha ba ce balle a ji tsoron ta taɓa ciki.

A duba kwali kafin a biya. Ta gaske tana da lamba a jiki. Mai 15 zuwa 20 mmHg (ma'aunin ƙarfin matsinta ke nan) ita ce mai sauƙi, ta ishi mai ƙaramin ciki. Mai 20 zuwa 30 ta fi ƙarfi, a bari sai likita ko ungozoma ta ce a sa. Wadda babu lamba ko kaɗan, safa ce kawai mai matsewa, wata ma robar bakinta ce ke shaƙe ƙafa a ƙasan gwiwa, ta yi akasin abin da ake nema. Akwai kuma wata fara ƙal da ake sa wa marasa lafiya bayan tiyata. Ta masu kwanciya ce, ba ta mai zirga-zirga ba, ko da mai kanti ya ce duk ɗaya ne. Mai tsayawa ƙasan gwiwa ta fi mai kaiwa cinya sauƙin sha'ani, don ta cinya zamewa take yi ta naɗe.

Inda aka fi yin kuskure shi ne awo. Ba da lambar takalmi ake sayenta ba. Da safe, kafin ƙafa ta kumbura, a ɗauki tef ɗin tela a auna wuri uku: siririn wurin da ke saman idon sawu, wurin da sha-raɓa ta fi kauri, sai tsawo daga dunduniya zuwa yatsu biyu ƙasa da lanƙwasar gwiwa. A rubuta a takarda, a je da ita kanti, a gwada da jadawalin da ke bayan kwali, domin matsakaiciyar wani kamfani ƙaramar wani ce. Idan ta yi girma, kuɗi sun tafi a banza. Idan ta yi ƙanƙanta, yatsu za su yi sanyi ko su dinga mutuwa, to a cire nan take.

Sa ta ma sai da dabara. Da safe ake sawa, ƙafa a bushe. A zura hannu a kamo wurin dunduniya, a juyo safar baibai har zuwa nan, a sa tafin ƙafa, a daidaita dunduniya, sannan a riƙa janyo ta sama kaɗan-kaɗan ana shafe duk inda ta tattare. Kada a naɗe bakinta idan ta yi tsawo, ninkin nan ɗaure ƙafa yake yi. A cire zobe, a kula da farce. Da dare a cire, ba a kwana da ita.

Aibinta a garinmu guda uku ne. Zafin watan Maris da Afrilu yakan sa ta zama azaba, sai dai a nemi mara kauri mai buɗaɗɗen yatsu. Lokacin hunturu kuma faso da kaushi su ke yaga ta, don haka a goge dunduniya, a shafa man kaɗanya da dare, ba da safe ba, saboda mai yana kashe roba. Na uku alwala: cirewa da mayarwa sau da yawa a yini aiki ne, kuma ba ta shiga jiƙaƙƙiyar ƙafa, dole sai an tsane da tawul. Wanki da hannu, da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa. Mai sawa kullum ta sa ran sauya ta bayan wata uku zuwa shida.

Ɗaurewar jijiya ta tsakar dare, wadda ke tashin mace daga barci sha-raɓa ta sandare, ba aikin wannan safa ba ce. Maganinta a lokacin shi ne a miƙe ƙafa sak, a janyo yatsu sama wajen ƙwauri, a riƙe har ta saki, sannan a murza wurin a hankali. Kafin kwanciya a dafa bango, a ja ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, a tsaya haka daƙiƙa 30, a sauya. Mai laulayi da ke yawan amai ta dage da kurɓar ruwa, ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara abin.

Wani ciwon kuma asibiti yake buƙata, ba kanti ba. Idan ƙafa ɗaya ce kaɗai ta kumbura, ta yi zafi idan an taɓa, ta sauya launi, sha-raɓa na ciwo ba sassauci, yana iya yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, kuma ciki yana ƙara haɗarin haka tun daga farkonsa. Kada a yi tausa, kada a gasa da ruwan zafi, kada a jira ranar awo. A tafi asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a ranar. Idan numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji na suka, ko tsakar dare ne a fita. Mai sikila da ta ji ciwon a ƙashi ita ma asibiti ne nata, kuma mai gyambo a idon sawu ko mai ciwon suga kada ta sa safar sai likita ya duba ƙafar.

Wasu masu kemis sukan haɗa wa mace safar da Ibuprofen ko Diclofenac, ko man zafi mai ɗauke da su. Mai ciki ta bar su sai da izinin likita. Farasitamol ne aka saba ba ta, shi ma ta faɗa wa ma'aikatan awo idan ta ga kullum sai ta sha.