Langley da 'Yan'uwan Wright: Ina Bambancin Yake?

Malam, ka tambaya ko sa'a ce kawai ta sa masu gyaran keke biyu, Wilbur da Orville Wright, suka riga Samuel Langley tashi da jirgin sama, alhali shi ne mai ilimi kuma shi gwamnati ta ɗaure wa gindi. Ni ban ga sa'a a nan ba. Bari mu jera su.

Ta wajen suna da kuɗi, ba a ma haɗa su. Langley masanin taurari ne, a lokacin shi ke shugabancin Smithsonian, cibiyar binciken kimiyya da ke Washington. A 1896 ya ƙera ƙaramin jirgi mai injin tururi, ba mutum a ciki, ya yi kusan kilomita ɗaya a sama da kogin Potomac. Ganin haka ma'aikatar yaƙin Amurka ta danƙa masa dala 50,000 a 1898 don ya yi babba mai ɗaukar mutum. Su Wright kuwa da ribar shagon kekensu na garin Dayton suka yi aikin, kuma abin da jirgin ya ci bai kai dala 1,000 ba. Wilbur ma Smithsonian ɗin ya rubuta wa wasiƙa a 1899 yana neman abin karantawa.

Inji ma na Langley ya fi. Mataimakinsa Charles Manly ya haɗa masa mai ƙarfin doki 52, ga shi ba nauyi. Na Wright, wanda makanikin shagonsu Charlie Taylor ya ƙera, doki 12 ne kacal.

Inda suka rabu shi ne abin da kowannensu ya ɗauka matsala. Langley yana ganin in aka samu inji mai ƙarfi da fukafukai masu faɗi, sauran zai zo da kansa. Su Wright sun san abin da ya faru da Bajamushen nan Otto Lilienthal, wanda jirginsa mara inji ya faɗo da shi a 1896 ya mutu, sai suka ce a'a, tashi ba shi ne aikin ba, a iya riƙe abin in iska ta karkata shi. Mai keke ya fi kowa sanin wannan. Don haka daga 1900 zuwa 1902 suna zuwa Kitty Hawk, bakin teku mai yashi da iska, suna kwanciya rub da ciki a kan jirgi mara inji, su sulalo daga tudu, su faɗi, su gyara, su sake. Da suka ga lissafin da suka gada daga magabata ba ya fitowa daidai, a 1901 suka haɗa akwatin katako da fanka mai hura iska a ciki, suka gwada ƙananan fukafukai kusan 200. Daga nan suka daidaita dabarar murɗa bakin fiffike da waya, suka haɗa ta da jela mai juyawa.

Manly fa? Bai taɓa tuƙa komai a sama ba, aka ɗora shi kan jirgin aka cilla daga rufin wani gidan katako da ke kan ruwa. Kamar wanda bai taɓa hawa ko jaki ba a ba shi ingarma ranar hawan sallah. Ran 7 ga Oktoba 1903 jirgin ya yi tsundum cikin Potomac. Ran 8 ga Disamba fukafukan baya suka karye tun wajen cillawa, ya juya ya faɗa ruwan sanyi mai ƙanƙara, da ƙyar aka tsamo Manly. Ƙirar ƙaramin aka faɗaɗa, ƙarfin jikin bai bi girman ba. Jaridu suka yi ta yi wa dattijon dariya.

Kwana 9 bayan haka, ran 17 ga Disamba, Orville ya yi daƙiƙa 12 a sama da jirginsu mai inji, tazarar mita 37. A tashi na huɗu Wilbur ya yi daƙiƙa 59, mita 260. Wasu na raina wannan, amma a duba 1905, lokacin da jirginsu na uku ya yi ta zagaye har kilomita 39.

Sai dai kada a yi musu adon da ba nasu ba. Bayan sun samu takardar haƙƙin mallakar dabararsu a 1906, hankalinsu ya koma ɓoye sirri da shari'a, musamman da Glenn Curtiss, wani mai ƙera jiragen sama a Amurka. Suna zaryar kotu, Faransawa suna gyara ƙira. Wilbur ya rasu a 1912, kuma da Amurka ta shiga yaƙin duniya a 1917 jiragen Faransa da na Ingila matuƙanta suka hau. A ganina wannan ita ce faɗuwarsu, kuma ba ƙarama ba ce.

Abin da ya fi ɓata sunan Langley ma ba ruwan Potomac ba ne. A 1914 Curtiss ya ɗauko tsohon jirgin Langley, ya yi masa gyare-gyare masu yawa, ya ɗan ɗaga shi daga kan tabki, sai Smithsonian ta ce ai wannan ne jirgi na farko mai iya ɗaukar mutum. Orville ya fusata ya aika nasu jirgin gidan tarihin kimiyya na Landan a 1928, kuma sai 1942 cibiyar ta janye maganar. Wannan kam ba za a ɗora wa Langley ba, don tun 1906 ya rasu.