Mako goma a ajin gogen Turawa: abin da Yuro 120 ya saya mini

Ranar da na gaya wa Hajiyarmu a waya cewa na shiga ajin koyon goge, shiru ta yi har na ɗauka layi ne ya yanke. Can ta ce, "Goge kuma? Da girmanka da 'ya'yanka?" Na ce, "Hajiya, na Turawa ne fa, mai tsirkiya huɗu." Ta ce ko mai tsirkiya arba'in ne, goge dai goge ne. Ban ga laifinta ba. A Funtuwa inda na tashi, kaset ɗin Garba Liyo kowa na ji, a mota ko a teburin mai shayi, amma ɗan gidan mutunci ya ce zai riƙe gogen da hannunsa, to ya tono maganar bori da gidan magajiya.

A nan Ennis, cikin yankin Clare na ƙasar Ayilan, abin ba haka yake ba. Gogen da suke kira fidil, likita na kaɗawa, manomi na kaɗawa, mai sayar da nama ma yana da nasa a bayan kanta. Garin ne ya karɓi baƙuncin Fleadh Cheoil, babban bikin kiɗan gargajiyar ƙasar, a 2016 da 2017. Ni aikina kula da tsofaffi ne, kuma akwai wani dattijo a wurinmu da sunan 'yarsa ma ya ɓace masa, amma da an sa polka, wani kiɗan rawa mai sauri da ake ƙirgawa biyu-biyu, sai ka ga ƙafarsa ta hagu tana bugun ƙasa, ba ta kuskure ko sau ɗaya. Ƙafar nan ce ta kai ni ajin.

Ajin na manya ne waɗanda ba su taɓa riƙe goge ba. Daren Talata, ƙarfe bakwai zuwa takwas, mako goma, a wani ɗaki a saman zauren taron unguwa. Yuro 120 na biya. Gogen hayarsa na yi a wani shago, Yuro 15 a wata. Mu goma sha ɗaya muka fara, mu bakwai muka ƙarasa. Malamar za ta kai shekara sittin, asalinta 'yar Sliabh Luachra ce, ƙasar tudu da ke kan iyakar Cork da Kerry, inda polka take kamar kalangu a gidan biki.

Kafin in shiga ajin na riga na yi wauta guda. A shagon haya na ga wani ƙaton littafi na Francis O'Neill, mutumin Cork da ya zama shugaban 'yan sandan Shikago, wanda ya tattara kaɗe-kaɗe 1001 ya buga a 1907. Na saya, na zo da shi aji a hammata kamar ɗan makarantar da ya yi sauka. Malama ta ɗaga shi, ta auna nauyinsa a tafin hannu, ta ce in ajiye shi a gida, zai yi amfani wajen tokare ƙofa har nan da shekara biyu. Littafin ba shi da laifi. Sai dai bai gaya maka wanne ne na ɗan koyo, wanne ne na gwani ba, duk a jere suke kamar buhunan hatsi. Kuma abin da na gano na biya kuɗi a kansa ke nan: wanda zai tsaya a gaban dubun nan ya ce ga wanda za ka fara da shi, ga dalili.

Wauta ta biyu a mako na biyu na yi ta. Na roƙe ta ta fara mana da irin kiɗan nan nasu mai sanyi, mai tafiya a hankali kamar kuka, don a tunanina abin da ba ya gudu shi ne mai sauƙi. Ba ta yi gardama da ni ba. Ta ce in ɗora baka a kan tsirkiyar A, ba tare da na danna komai ba, in ja shi tun daga gindi har ƙarshe tana ƙirga takwas. Na ja. A ƙirga na uku bakan ya fara rawa, a na biyar sautin ya koma kamar ana jan teburin ƙarfe a kan siminti, a na shida baka ya ƙare, saura biyu. Ta ce, "Ka ji? Kiɗa mai sanyi tsirara yake barin mutum. Sai hannun dama ya nuna tukuna." Wato dogon sauti yana buƙatar hannun da ya san nauyin baka da saurinsa, abin da ɗan koyo bai da shi. Gajeren sauti kuwa, taƙi biyu na tsakiyar baka ya ishe shi, kafin kunne ya kama aibinsa an wuce.

Don haka da polka ta fara mana, wadda suke kira Kerry Polka, wasu su ce Egan's. Sai da na koma gida na zauna da ita na ga hikimar zaɓin. Tsirkiyoyin fidil huɗu ne, G da D da A da E, daga mai kauri zuwa siririya. Yadda ta koya mana taken nan, biyun ƙarshe kawai yake taɓawa. Yatsun hagu kuma lamba take ba su, manuni ɗaya, na tsakiya biyu, na zobe uku, ƙaramin huɗu. Taken gaba ɗaya da yatsa na ɗaya da na uku ake yin sa, sai tsirkiya a sake. Yatsa na biyu, wanda shi ne mai rikici don wurinsa na canzawa, ko motsi ba ya yi. Ga shi kuma taken maimaita kansa yake: ɓangare biyu ne, kowanne gaɓa takwas, ana yin kowanne sau biyu, kuma jelar ɓangaren farko ita ce jelar na biyu. In ka iya gaɓa huɗu ka ci rabin aikin.

Ba ta bari mun taɓa goge ba sai da muka rera shi da baki. Mu goma sha ɗaya, manya da furfura, muna "dam di dam di" kamar 'yan raino. Wata ma'aikaciyar banki da ke gefena kunya ta kusa kashe ta. Ni kuwa a nan ne na samu kaina a gida, don taken sauti biyar kawai yake yawo a kai, irin tsanin da yawancin waƙoƙinmu suke hawa, har da na masu gogenmu. Ji biyu na yi ya zauna mini. Malama ta tambaye ni ko na taɓa jin sa a wani wuri, na ce a'a, amma ƙafafunsa irin na mutanenmu ne. Dokarta ita ce, abin da bakinka bai iya rerawa ba, yatsunka ba za su same shi ba, tunda wuyan fidil ba shi da alamar da za ta nuna maka inda za ka danna. Kunne ne jagora, kamar dai gogen gida.

Take na biyu, Britches Full of Stitches, shi ma polka ne mai sauti biyar, amma ya sauko da mu kan tsirkiyar D, ya kuma tashi yatsa na biyu daga barci, a manne da na uku. Abu ɗaya sabo, sauran duk tsohon hannu. Haka take tafiya, kowane take da kaya ɗaya tak da zai ɗora maka. Na lura ko da wani ya kawo sunan wani take da ya ji a rediyo, tambayarta ɗaya ce: tsirkiya nawa yake tsallakawa, kuma yatsa na biyu sau nawa yake canza wuri? In amsar ta yi yawa sai ta ce a bar shi sai baɗi.

A mako na shida muka shiga jig, kiɗan da ake ƙirgawa uku-uku, da wanda ake kira The Kesh. Nan na sha wuya, kuma nan ne zan ce ta ɗan yi gaggawa. Abubuwa uku ne suka zo a lokaci guda. Ƙirgan ya canza daga biyu zuwa uku, wanda ke nufin bugu mai nauyi wani lokaci yana faɗowa baka na sauka, wani lokaci yana hawa. Yatsa na biyu a kan tsirkiyar E ya koma baya ya manne da na ɗaya. Sannan a ƙarshen ɓangare na biyu akwai sauti guda can sama da sai ƙaramin yatsa ya miƙa ya taɓo shi, ni kuwa ƙaramin yatsana tun da ƙofar mota ta datse shi ina yaro bai cika jin magana ba. Mako biyu ina fama. Uwargida ta ce, "Baban yara, wannan wurin da kake zuwa ka tsaya kamar mota ta ci karo da rami, ba za a iya tsallake shi ba?" Da na kai kuka, malama ta nuna mini in maimaita sautin da ke ƙasa da shi har yatsan ya yi ƙarfi, ta ce tsofaffin garinsu ma kowa da yadda yake juya taken. Dabarar ta yi aiki. Amma da ta faɗe ta tun ranar farko, da mutum biyu da suka daina zuwa a makon nan wataƙila ba su tafi ba.

Babban kuskuren ajin a mako na tara ya faru, kuma rabin laifin namu ne. Wasu suka matsa lallai sai an koya mana ril, kiɗan nan mai gudu da ake ji a ko'ina, don su samu abin nunawa a gida lokacin Kirsimeti. Ta biye musu ta kawo Drowsy Maggie. A takarda kamar wasa, sautuka kaɗan ne. A hannu kuwa, yatsa na ɗaya zai kwanta a kan tsirkiya biyu lokaci guda, baka yana lilo tsakanin D da A ba hutawa. Babu wanda ya iya a cikinmu, ko ɗaya. Darasi biyu na ƙarshe suka tafi a haka, alhali da polka ta uku ko wani maci mai sauƙi ta ba mu, da mun fita da take huɗu a hannu maimakon uku da rabin kunya. Malamar da ta hana ni kiɗa mai sanyi da hujja, ita ce ta kasa hana su mai zafi.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Takardar da take rabawa haruffa ne zalla, A B D E, da ɗan ɗigo a saman na sama, babu abin da ke nuna tsawon sauti, saboda haka in ka manta yadda taken yake, takardar ba za ta cece ka ba. Tana turo muryar kowane take a WhatsApp, sau ɗaya a hankali sau ɗaya da gudu, kuma wannan ya fi takardar amfani nesa ba kusa ba, sai dai wani lokaci sai Juma'a yake isowa, kwana uku sun tafi a banza. Ɗakin akwai sanyi, yatsu sai sun yi minti goma kafin su saki. Minti goman nan dama a ɗaurin tsirkiya yake tafiya, don ita kaɗai ce ke bi tana gyara goge goma sha ɗaya. Gogen hayar da aka ba ni kuwa, maɗaurin tsirkiyar A ɗinsa zamewa yake, kuma babu wanda ya gaya mini a shagon cewa sabon baka sai an goga masa ƙaro sosai kafin ya yi magana. Daren farko na ja na ja, shiru, har na fara shirin mayar musu da kayansu.

Akwai kuma abin da ɗan'uwa Musulmi zai so ya sani tun da wuri. A ƙasar nan yawancin zaman kiɗa a mashaya ake yin sa, kuma can take tura ɗalibai su je su saurara. Na gaya mata ni ba na shiga, ba ta ja maganar ba, ta nuna mini wani zama na 'yan koyo da ake yi ranar Lahadi da rana a zauren unguwa, da shayi da biskit, inda ake kaɗa komai a rabin gudunsa. Na je sau uku. Duk ukun an kaɗa Kerry Polka da Britches a jere, kuma a nan na ga wata fa'idar zaɓinta da ban lura da ita ba: ba ta koya mana take don sauƙinsa kaɗai ba, sai wanda kowa a ɗakin ya sani. Mutum ashirin suka ɗauka tare, nawa kuskuren ya nutse a cikin nasu, na kai ƙarshe ban tsaya ba.

Wanda ya riga ya iya karanta rubutun kiɗa, ko yake son a bi da shi ta ƙa'idar makaranta, ajin nan zai ba shi haushi. Wanda kuma bai taɓa riƙe komai ba, yana da kunne da minti goma sha biyar a rana, Yuro goma sha biyu a darasi ba asara ba ce, ko da an cire makonni biyun da Maggie ta cinye. Na sake biyan zango na biyu, da sharaɗin da na faɗa mata a gaban kowa, cewa in aka sake kawo ril kafin Ista zan koma kujerar baya in yi ta polkata.

Ranar Asabar da ta wuce na jingina waya da kofin shayi na kaɗa wa Hajiya Kerry Polka, sau biyu, ban yi tuntuɓe ba sai a wuri ɗaya. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "To, ba laifi, yana da ɗan daɗi. Amma kada ka kuskura kawunka ya ji."