Sharhi kan ofishin da ya nema mini gurbin koyon noman shinkafa a Masar

Akwai wani ƙaramin ofishi a Birnin Kebbi da ke nema wa ɗaliban manyan makarantu gurbin koyon aiki a ƙasashen waje, kuma ta hannunsa na samu zuwa wata gonar shinkafa mai haɗe da injin casa a lardin Kafr el-Sheikh da ke arewacin Masar. Tun da na dawo, abokan karatuna na sashen aikin gona da iyayensu suke tambayata ko kuɗin da aka kashe sun biya buƙata. Amsata ita ce gurbin da suka samo mini na gaskiya ne, kuma na koyi abin da ba a koyarwa a aji, amma hidimarsu ta ƙare ne a ƙofar jirgi, alhali makonnin farko a baƙuwar ƙasa su ne lokacin da ɗalibi ya fi buƙatar wanda zai tsaya masa.

Ta fuskar takardu ba ni da ƙorafi, in ban da irin bizar da zan yi magana a kai nan gaba. Sun samo wasiƙar gayyata daga gonar, sun bi mini biza, sun tunatar da ni katin rigakafin shawara wanda Masar ke nema daga duk wanda ya fito daga Najeriya, sannan sun rubuta wa sashenmu domin a lissafa watannin a cikin horon SIWES, wato koyon aiki a wajen makaranta da ake lissafa wa ɗalibi a karatunsa. Ranar biyan kuɗi mahaifina ya taso daga Argungu da kansa, shugaban ofishin kuwa ya zaunar da shi ya ce, "Baba, duk abin da muka karɓa za mu rubuta shi da sunansa, idan biza ba ta fito ba za a mayar muku da kuɗin jirgi." Kowane biya ya zo da rasit, kuma a harkar da 'yan damfara suka yi yawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga Kano na tashi kai tsaye zuwa Alƙahira.

Gonar ita ce ta sa ba na nadamar tafiyar. Na girma ina ganin noman rani a fadamar Argungu, inda kowa ke da rijiyarsa da injin ban ruwansa, kuma iyakar ruwan da mutum zai sha ita ce iyakar fetur ɗin da zai iya saye. A can ruwa na hukuma ne, daga kogin Nilu yake zuwa ta manyan magudanai, ana buɗe wa yanki na wasu kwanaki a rufe na wasu, don haka dukan aikin gona yana bin jadawalin ruwa ne. Rabon Masar daga Nilu a yarjejeniyar 1959 da Sudan shi ne mita kubik biliyan 55.5 a shekara, jama'arta kuma ta haura miliyan 100, shi ya sa gwamnati ke ƙayyade lardunan da aka yarda a noma shinkafa da faɗin da za a noma, tana kuma cin tarar wanda ya ƙetare iyaka. An bar shinkafa a arewa ne musamman saboda ƙasar kusa da Bahar Rum tana da gishiri, kuma ruwan da ke kwanciya a gonar shinkafa yana wanke shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suke daidaita ƙasa kafin dashe. Tarakta ce ke jan wata faffaɗar cebur a baya, a gefen gona kuma an kafa na'ura mai harba haske wadda ke gaya wa cebur ɗin inda za ta kankare tudu da inda za ta cike kwari. Da aka saki ruwa sai na ga ya shimfiɗu daidai wa daida daga wannan kunya zuwa waccan, zurfinsa bai wuce tsawon yatsa ba ko'ina. A gonakinmu sau da yawa gefe ɗaya yana nutsewa, ɗayan kuma ciyawa na cin shinkafar saboda ƙishi, mu kuwa sai mu ƙara fetur da taki muna zaton su ne matsalar. Injiniyan da ke kula da ni ya sa na auna zurfin ruwan da sanda a kusurwoyi daban-daban na rubuta a logbuk, kuma bai sa hannu ba sai da na bayyana masa dalilin kowane adadi. Irin da suke shukawa, kamar Giza 178 da Sakha 104, sun fito ne daga cibiyar binciken shinkafa ta Sakha da ke cikin lardin. Ƙwayarsu gajera ce mai danƙo idan an dafa, ba doguwa irin FARO 44 da kasuwarmu ke so ba, saboda haka ba irin ne abin ɗaukowa ba, tsarin ne. Da shi ƙasar take samun kimanin tan 9 a kowace hekta, wanda yana cikin mafi yawa a duniya.

Sai dai kafin in kai ga wannan amfani na sha wuya, kuma mafi yawanta laifin ofishin ne. An ce wakilinsu zai tarye ni a filin jirgi, amma babu wanda ya zo, lambar da aka ba ni kuma ba ta shiga. Wani ɗalibin Azhar ɗan Zamfara da ya zo tarbar ɗan'uwansa ne ya ji ina Hausa a waya, ya kai ni masaukinsu, washegari ya saya mini layin waya ya sa ni a motar Kafr el-Sheikh. Allah ya saka masa da alheri, amma bai kamata tsarin da aka biya wa kuɗi ya dogara da sa'ar haɗuwa da mutumin kirki ba. Haka kuma ofishin bai gaya mini cewa Larabcin da na koya a Islamiyya ba shi ne na bakin manoman can ba. Injiniyoyi suna iya sassauta harshe ko su juya zuwa Turanci, ma'aikatan gona kuwa sai da na daɗe kafin in fara gane umarninsu, alhali da an ba mu ko da 'yan darussa kafin tafiya da sauƙi ya samu.

Batun biza ya fi wannan nauyi. Bizar da suka karɓo mini ta ɗan gajeren zama ce, kuma sai da wa'adinta ya kusa cika na fahimci cewa dole in nemi ƙari a ofishin fasfo da ke Abbasiyya a Alƙahira, da kuɗin da ba su cikin lissafin da aka bai wa mahaifina. Alawus ɗin da gonar ke biya an yanke shi ne da fam ɗin Masar, ofishin kuwa ya fassara mana shi zuwa dala da tsohon farashi, duk da cewa tun watan Maris na 2024 dala ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan 50. Abin da aka ce zai ishe ni har in yi tsaraba bai wuce kuɗin wake da gurasa da mota ba. Inshorar lafiya ma ba ta cikin yarjejeniyar, ga shi aikin na tsayuwa ne cikin ruwan magudana, inda ake gudun tsargiya kamar yadda ake gudunta a fadamunmu. Takalmin roba da kaina na saya.

Masauki da abinci ba su da laifi, ɗaki ne mai tsabta kusa da masallaci, hutun mako kuma Juma'a ce.

Ga wanda ya tambaye ni ko ya bi ta wannan ofishi, zan ce ya bi, idan karatunsa ya shafi ban ruwa ko sarrafa shinkafa, kuma idan zai isa can a watan Afrilu ko Mayu domin ya riski rainon iri da dashe, ya zauna har girbi a Satumba ko Oktoba. Amma kada ya biya kashi na ƙarshe sai an rubuta masa sunan wanda zai tarye shi an kuma haɗa su a waya tun yana gida, an fayyace irin bizar da wanda zai ɗauki nauyin sabunta ta, an sa inshorar lafiya a cikin takarda, an kuma faɗi alawus da fam a farashin ranar. Na kai musu waɗannan ƙorafe-ƙorafe a rubuce, shugaban ya saurare ni ba tare da musu ba, ya mayar da kuɗin tarba, ya ce suna neman wakili na dindindin a Alƙahira. Duk mai shirin tafiya a rukuni na gaba ya nemi a ba shi lambar wannan wakili, ya kira ta a gabansu kafin ya sa hannu.