Icom IC-905 a bisa tudu: abin da ya sauƙaƙa mana da abin da bai iya ba

Tun da kamfanin Icom na Japan ya fito da rediyon IC-905 a 2023 ake ta ja-in-ja a kansa tsakanin masu rediyon sha'awa, wato masu magana da juna ta na'urar rediyo don sha'awa, a nan Ingila, musamman mu da muke loda kaya a mota mu hau tudu don mu yi magana a zangon maikurowef. Dattawan da suka saba haɗa na'urorinsu da hannu wasunsu gani suke sayen irin wannan gajen haƙuri ne. Mu dai a 'yar ƙungiyarmu karo-karo muka yi muka saye shi, haɗe da CX-10G, ƙaramin akwatin da ke kai shi zangon 10 GHz. Da shi muke fita ranakun Lahadin da UK Microwave Group ke shirya gasar 5.7 da 10 GHz a watannin zafi, galibi kan tudun Walbury da ke Berkshire, mai tsayin mita 297.

Wanda bai san harkar ba zai ce me ya kai mu tudu. A 10 GHz tsawon igiyar rediyo santimita 3 ne kacal. Ba ta lanƙwasa ta zagaye dutse ko gini, ganyen bishiya ma sha mata ƙarfi yake yi, don haka sai ka hau inda kake hango nesa. Dish mai faɗin santimita 60 yana tattara siginar ne kamar hasken tocila, faɗinta bai wuce digiri 3 zuwa 4 ba. Ka kauce kaɗan, abokin maganarka ya ɓace.

Matsaloli biyu ne suka daɗe suna ci wa masu wannan harka tuwo a ƙwarya, kuma a kansu na fi yaba wa wannan rediyo.

Ta farko ita ce sanin ainihin inda kake a kan zango. Idan na'urarka ta yi kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan, a 10 GHz ka kauce da 10 kHz ke nan, alhali muryar SSB, wato salon aika murya da muke amfani da shi, ba ta kai faɗin 3 kHz ba. Da tsofaffin kayanmu, rana ta buga akwati lamba ta gusa, iska ta kaɗa ta sake gusawa. Sai ka ga mutum yana juya dish da hannu ɗaya, yana murza maɓallin nema da ɗayan, bai san wanne daga ciki ne bai daidaita ba. IC-905 yana ɗaure lambarsa da siginar GPS. Ka kunna, ka ba shi 'yan mintoci ya kama taurari, in ka rubuta 10368.100 MHz to nan ɗin kake. Ga kuma allon inci 4.3 da ke zana sigina tun kunne bai fara jin ta ba. Nakan tsaya ina kallon siririn layin nan yana ƙara haske yayin da abokina ke juya dish sannu a hankali, in ce masa "tsaya, koma baya kaɗan", shi ke nan an kama. Aikin da kan ci mana rabin sa'a ya dawo na 'yan mintoci.

Ta biyu ita ce asarar ƙarfi a waya. Wayar eriya ta gama-gari, mita biyu kawai na iya cinye fiye da rabin ƙarfinka a wannan zango. Icom sun raba rediyon gida biyu: akwatin da ke watsawa da karɓa yana can maƙale a gindin eriya, shi kuwa ɓangaren allo da maɓallai yana hannunka. Wayar LAN guda ce ta haɗa su, ita ke kai saƙo ita ke kai wuta. Ranar da ruwan sama ya kece mana a Walbury, cikin mota muka koma da allon muka bar dish a waje. Ba mu naɗe kaya ba, domin ruwa a 10 GHz alheri ne: ɗigonsa a cikin hadari yana warwatsa sigina, sai ka saita dish wajen gajimaren, wani mai nisan ɗaruruwan kilomita shi ma ya saita nan, ku haɗu. Muryar takan fito a shaƙe, saƙon Mos (Morse) mai ɗigo da ja ya zama huci maimakon ƙara, amma ana fahimta.

To, sai inda na ga gazawa. Ƙarfinsa wat 10 ne a 144, 430 da 1200 MHz, wat 2 a 2400 da 5600 MHz, rabin wat a 10 GHz. Rabin wat da dish mai kyau ba abin rainawa ba ne, amma wanda ke son nisa sosai sai ya ƙara amfilifaya, wato wani kuɗin da wani haɗe-haɗen. Babu zangon 3.4 GHz a cikinsa, ga shi kuwa a Ingila ana amfani da shi. Ba shi da batir a jikinsa kamar ɗan'uwansa IC-705 da suka yi kama a fuska. Dole ka ɗauko na waje mai bolt 13.8, kuma babba, don yana jan wuta ko saurare kawai kake yi. Akwatin eriyar ya haura kilo 3, in ka ƙara CX-10G da dish sai mariƙi mai ƙafa uku na gaske, wanda iskar tudu ba za ta kayar ba. A Walbury da mota ke kai ka kusa babu damuwa. Inda kuwa sai an taka da ƙafa, kafaɗa za ta ji a jikinta.

Abin da ya fi damuna shi ne kunnensa ɗaya ne. Al'adarmu ita ce a fara shirya magana a 144 MHz, a gaya wa juna inda ake da kusurwar da za a fuskanta, sannan a hau 10 GHz ana ci gaba da gyara wa juna. IC-905 ba ya sauraron zango biyu lokaci guda, don haka har yanzu tsohuwar rediyonmu Yaesu FT-817 tana cikin jakarmu don maganar 144 MHz.

Wannan ya shafi 'yan'uwa na gida da suka tambaye ni ko zai yi musu aikin QO-100, kafar masu rediyon sha'awa da ke jikin tauraron Es'hail-2 na Qatar, wanda aka harba a 2018 yana tsaye a digiri 25.9 gabas, kuma Najeriya da Nijar duk suna cikin inuwarsa. Ana aika masa a 2.4 GHz, a karɓo a kusan 10.489 GHz, kuma duka biyun rediyon yana da su. Sai dai ba za ka ji muryarka tana dawowa kana cikin magana ba, alhali a can ana so ka riƙa jin ta don kada ka hau kan wani. Shawarata ita ce dish ɗin talabijin da LNB, wato kan da ke gaban dish ɗin, da ƙaramar SDR, wato na'urar karɓar rediyo da ake jonawa da kwamfuta, sun isa karɓa, a kan kuɗi kaɗan ƙwarai.

Kuɗin shi ne babbar magana. Lokacin da ya fito a 2023 rediyon kaɗai ya haura fam 3,000, CX-10G kuɗinsa daban, eriya ma daban. Wanda 10 GHz kawai yake so, na'urar sauya zango ta Kuhne daga Jamus haɗe da tsohuwar rediyon 144 MHz za ta kai shi da sauƙin farashi, kuma zai koyi abin da mai IC-905 ba lallai ya koya ba. Sabon shiga kuwa ya fara da shiga UK Microwave Group, suna ba mambobi aron kaya. Amma ƙungiya irin tamu, mai son zango shida a tafiya ɗaya da kuma miƙa wa matashi makirufo ya yi maganarsa ta farko a 10 GHz kafin sanyi ya kore shi, na ce su haɗa kuɗi su saya, su kuma ware wani abu don batir da mariƙin dish tun kafin su biya.