Hattara da mai tallan "adaftar balans" a WhatsApp da Facebook

Jama'a, akwai wani mai talla da ke yawo a zaurukan WhatsApp na masu sitidiyo da masu kiɗan biki, yana kuma ɗora bidiyo a Facebook. Kayansa wata 'yar adafta ce, wai da zarar ka maƙala ta, kowane irin hedfon zai koma "balans", sauti ya ninka. Don Allah kada wanda ya saya. Bayan asarar kuɗi, tana iya ƙona maka na'ura.

Ga dalili. Hedfon na yau da kullum mai kai 3.5mm wayoyi uku ne a cikinsa: na kunnen hagu, na dama, da guda ɗaya ta komawa wadda kunnuwan biyu ke tarayya a kanta. Shi kuwa balans wayoyi huɗu yake so, kowane kunne da nasa biyu, ba sa haɗuwa ko'ina. Shi ya sa ramukansa daban suke: 2.5mm, ko XLR (kan waya mai zagaye da ƙafafun ƙarfe a ciki) mai ƙafa huɗu, ko 4.4mm wanda Sony ta fara sawa a na'urorinta a 2016. A irin wannan ramin, amfilifaya (abin da ke ƙara wa sauti ƙarfi) biyu ne ke tura kowane kunne, ɗaya na turawa ɗaya na ja, don haka ƙarfin lantarkin kan iya ninkawa.

To adaftar mutumin nan namijin kanta 4.4mm ne, macen kuma 3.5mm mai layi uku. Ina waya ta huɗu za ta fito? Babu. Sai aka haɗe ta komawar hagu da ta dama wuri guda, wato an gwara kan amfilifaya biyu da bai kamata su taɓa juna ba. Wata na'urar tana da kariya, sai ta kashe kanta. Wata kuma sai ta ɗau zafi har ta tafi. Wani yaro mai haɗa waƙoƙi a unguwarmu haka ta faru da shi: sautin ya fara karkarwa, ƙaramar na'urar da yake jonawa a kwamfuta ta yi zafi har ba ta riƙuwa a hannu, kunnen dama ya ɗauke. Da ya koma wa mai kayan, cewa ya yi ai hedfon ɗinka ne jabu, daga nan ya toshe lambarsa. Dama sai an tura kuɗi gaba ɗaya yake ba direba saƙo a tasha, babu shago, babu rasit.

A lura, akasin haka ba laifi. Idan kebul ɗinka na balans ne mai wayoyi huɗu, ka sa adafta don ka jona shi a ramin 3.5mm, lafiya lau. Da wannan gaskiyar yake rufe ƙaryarsa, domin a ido adaftocin biyu kamar Hassan da Hussaini suke.

Yana kuma sayar da dogon kebul na makirufo mai kan XLR mai ƙafa uku, kuma na ji har kwamitocin masallatai yana yi wa talla. A nan ne ma balans ke da amfani na gaske, don shi ke kashe gurnani da tsakin da doguwar waya ke kwasowa. Amma wanda aka warware a gabana, waya ɗaya ce a ciki da ragar da ta lulluɓe ta, an narka dalma an haɗe ƙafa ta 3 da ta 1. Kai na balans, ciki ba balans ba. A hedfon kuwa, da wayarsa ba ta cika tsawo ba, maganar kashe tsaki duk zaƙin baki ne.

Wanda ya riga ya saya, kada ya jona. Ya kai wa mai gyaran rediyo ya ɗora mitar gwajin waya. A kan 4.4mm, a gwada zobe na farko da na uku bayan tsini. A XLR, ƙafa ta 1 da ta 3. Idan mitar ta yi ƙara, a haɗe suke. Sai a adana hoton hirar da shaidar tura kuɗin, a kai ƙorafi banki tun da wuri, a kuma sanar da shugabannin zauren su cire lambarsa.