Kafin ku sayi bitamin D na jariri ko na babba, ga abin da ya kamata ku duba

Jama'a mutane da yawa suna mamaki wai a Kano da rana take dukan mutum tun daga watan Maris har Mayu a ce akwai masu ƙarancin bitamin D. Akwai su wallahi. Fatarmu baƙa tana buƙatar rana fiye da ta farar fata kafin jiki ya haɗa shi, ga matanmu da yawa suna cikin gida, in za a fita an rufe jiki, maijego kuma sai ta yi arba'in tana ɗaki ita da jaririnta, kuma hasken ranar da ke shigowa ta gilashin taga ba ya yin wannan aikin.

Na fara da jarirai tunda su ne ba sa iya faɗin abin da ke damunsu. Nonon uwa babu kamarsa, kada wata ta ji ta daina shayarwa, amma bitamin D ɗin cikinsa kaɗan ne, shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2008 ta ce jaririn da ke shan nono a riƙa ba shi IU 400 kullum tun kwanakin farko. IU ma'aunin yawan bitamin ne da ake rubutawa a kwali, kuma IU 400 shi ne maikirogiram 10, don in kun ga mcg 10 a kwali duk abu ɗaya ne.

To a kemis za ku tarar da kala biyu na ɗigo, kuma nan ne hatsarin yake. Akwai mai ƙarfi wanda ɗigo ɗaya tal shi ne IU 400, akwai kuma mai ruwa wanda sai an cika mil 1 a ɗan sirinjin da ke cikin kwalin. Uwa ta saba da mai mil 1, ya ƙare, maigida ya sayo mai ɗigo ɗaya bai lura ba, ta zuba masa mil guda, kun ga ta ninka masa sau da yawa kenan ba ta sani ba. Mai ɗigo ɗaya ya fi daɗewa kuma ana iya ɗiga shi a kan nono yaro ya tsotsa, amma in gidan ku ne irin wanda yau kaka ce za ta ba shi gobe goggo, ni dai na fi son mai sirinji don ana ganin layin awon. Ko wanne kuka ɗauka dan Allah ku sa mai famasi ya nuna muku awon kafin ku fito.

Sai su ɗigon haɗin bitamin irin Abidec da aka fi sani. Ba laifi, amma ku duba nawa ne D ɗin a cikin awon jariri don sau da yawa bai kai 400 ba, kuma ba a ƙara awo don a cike saboda akwai bitamin A a ciki wanda yawansa illa ne. Man hantar kifi ma haka. Yaron da yake shan madarar gwangwani sosai an riga an saka masa a ciki, a tambayi likita tukuna.

Sannan ba kowace ƙafar baka ko gwame ce daga rashin D ba. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna yaranmu da yawa masu lanƙwasar ƙashi ƙarancin kalsiyam ne ya fi damunsu, yaro a yaye shi sai koko da tuwo babu madara babu nono babu kifi. Irin wannan yaron asibitin yara za a kai shi kamar Hasiya Bayero, ɗigo kaɗai ba zai miƙar da ƙafar ba.

Manya kuwa, ciwon jiki da kasala da ciwon baya ba su isa hujja ba, abubuwa da yawa suna kawo su. A yi gwajin jini na 25-OH D, ƙasa da 20 ng/ml ana ɗaukarsa ya yi ƙasa, ƙasa da 12 kuwa ƙaranci ne sosai. Buƙatar babba ta kullum IU 600 ce, wanda ya haura shekara 70 kuma 800, kuma kada a wuce 4000 a rana sai da izinin likita. Ƙwayar 1000 ta isa mai son kiyayewa. Ita kuwa babbar mai 50,000 magani ce, likita ke rubutawa sau ɗaya a sati zuwa kamar sati 8, sannan a sake gwaji. Wanda ya mayar da ita ta kullum kalsiyam zai taru masa a jini, ga amai ga ƙishirwa ga tsakuwar ƙoda, don shi wannan bitamin ɗin a kitse yake zama ba ya bin fitsari ya fita da wuri. Mai ciwon ƙoda da mai ciki kada su saya da kansu.

Bitamin D ɗin da ake sayarwa kala biyu ne, D2 da D3, ku ɗauki D3, ya fi ɗaga matakin a jini, kuma a sha bayan cin abinci mai ɗan maiƙo. Kafso mai laushi bawonsa jelatin ne kuma wani daga alade ake yinsa, don haka ku nemi tambarin halal ko ku ɗauki ƙwaya ko na ruwa. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ku guji wanda aka baza a tire ko a baro rana tana gasa shi.